Tabon Harsashi da Tabon Harshe: 'Yan Mazan Jiya da Batun Yafiya

Lacca da aka gabatar a ƙasar Danbatta, ranar tunawa da 'yan mazan jiya

 

Na tashi a gidan da akwai wani kawuna da ya yi yaƙin basasa. Ya tafi yana saurayi, ya dawo da ɗingishi. Ban taɓa jin ya zagi sojan da ya harbe shi ba. Idan aka yi zancen, cewa yake yi: "Shi ma turo shi aka yi." Amma da rediyo ya fara yabon wani mashahurin da ya soki yaƙin, sai ya miƙa hannu ya murɗe. Har ya koma ga Allah bai huce ba. Tambayar da na zo da ita yau daga gare shi na gaje ta: me ya sa mutum yake iya yafe wa wanda ya harbe shi, ya kasa yafe wa wanda ya yi magana a kansa?

Bari mu fara da waɗanda suka tafi. Wannan ƙasa tamu, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Makoɗa, Kunci da Danbatta, ƙasa ce da gona ke jingine da gona. Ba a barin saura, kowace shekara sai an zuba taki an noma gero da dawa da gyaɗa da wake. Gandun da ya ciyar da kaka, in aka raba wa jikoki, kowa ɗan tsiri yake samu. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, sojan Nijeriya bai fi dubu 10 ba. Kafin a gama a Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250. Daga ina aka samo su? Da yawa daga irin waɗannan ƙauyuka. Wani kishin ƙasa ya kai shi, wani zafin kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa na 15 ga Janairun 1966, wani kuwa gona ce ba ta isa ba. Aka ba su horo na 'yan makonni, aka danƙa musu bindiga.

Abin da suka tarar ba wasa ba ne. Runduna ta biyu, ƙarƙashin ɗan Kano Murtala Muhammad, ta yi ta yunƙurin ƙetare Kogin Kwara zuwa Onitsha a ƙarshen 1967, samari masu yawa suka halaka a ruwa, wasunsu ba su taɓa ganin kogi mai wannan faɗi ba. A Maris 1968 aka yi wa ayarin motocinsu kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta cinye su. Waɗanda suka tsira suka dawo gida, fari na farkon shekarun 1970 ya tarye su, cuta ta kashe gyaɗa a 1975, sannan aka shiga jeren layin fansho da tantancewa.

A can ɓangaren kuma akwai masu suna. Marubuci Wole Soyinka ya je Enugu a 1967 ya gana da Ojukwu, jagoran 'yan a-waren Biyafara, don neman a tsayar da yaƙi. Aka kama shi, ya yi wajen shekara biyu a tsare, mafi yawa shi kaɗai a ɗaki a kurkukun Kaduna. Ɗan jaridar Ingila Frederick Forsyth ya rubuta littafi yana kare Biyafara a 1969. A Nuwamban wannan shekara mawaƙi John Lennon ya mayar wa Sarauniyar Ingila lambar girmar da ta ba shi, ya ce yana adawa da hannun ƙasarsa a yaƙin Nijeriya da kuma goyon bayanta ga Amurka a Biyetnam, ya haɗa da raha cewa wata waƙarsa ta ja baya a kasuwa. Ku duba wannan da idon tsohon soja. Abin da ya ci ƙafarsa da abokansa, wani ya sa shi a jimla ɗaya da cinikin faifai.

A Amurka irin wannan miki ya fi fitowa fili. Jarumar fim Jane Fonda ta je Hanoi a Yulin 1972, aka ɗauki hotonta zaune a kan bindigar kakkaɓo jiragen sama ta abokan gaban ƙasarta. Ta nemi afuwar tsofaffin sojoji a talabijin a 1988, ta sake nema sau da dama. Duk da haka a 2005, shekara 33 bayan hoton, wani tsohon soja ya bi layin masu neman ta sa musu hannu a littafi a birnin Kansas, ya tofa mata yawu a fuska.

To, me ke riƙe wannan fushi? A fahimtata abu uku ne. Na farko, kasada ba ɗaya ba ce. Abokin gaba ya kwana a rami kamar yadda ka kwana, ya ji tsoron da ka ji, don haka kun san juna. Mai magana daga nesa bai jiƙa ƙafarsa ba. Na biyu, murya ba ɗaya ba ce. Mai suna in ya yi tari duniya ta ji, manomin Tsanyawa kuwa labarinsa bai wuce dakalin ƙofar gida ba. Na uku shi ne mafi ciwo: maganar mai suna tana taɓa ma'anar wahalar. In yaƙin nan zalunci ne tsantsa, to don me abokina ya mutu? Harsashi nama yake ci ya warke, wannan tambaya kuwa kullum sabuwa take.

Iyayena 'yan mazan jiya, ku yi mini haƙuri, in an ciza sai a hura, amma sai an ciza tukuna. Masu sukar nan ba ƙarya suka yi a kan komai ba. An kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a 1966, har da filin jirgin sama da Sabon Garin Kano. An kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba a Oktoban 1967. Toshe hanyoyin abinci ya jawo yunwar da ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, akasarinsu yara. Duk uban da ya taɓa ganin rumbunsa wayam ya san me wannan yake nufi. Kuma ba adalci ba ne a zuba masu sukar a kwando ɗaya. Wanda ya biya kuɗin ra'ayinsa da zaman kaso daban yake da wanda ya aika wasiƙa daga Landan. Laifin mai suna, inda yake da laifi, shi ne ya ga yaron da yunwa ta kama amma bai ga kurtun da ruwa ya ci ba, alhali dukansu 'ya'yan talakawa ne kuma ba da shawararsu aka fara yaƙin ba.

Hukuma ta yi nata ɓangaren. Shugaban ƙasa na lokacin, Janar Gowon, ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa a 1982 ya dawo gida. Wannan ya taimaki ƙasa ƙwarai. Sai dai afuwar gwamnati tana ɗage hukunci ne kawai, ba ta da iko da abin da ke cikin ƙirjin mutum. Malamanmu sun koya mana cewa haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe, kuma tuba tana da sharuɗɗa: nadama, dainawa, da mayar da haƙƙi. Saboda haka babu wanda ya isa ya tilasta wa tsohon soja ya yafe, ko ya yafe a madadinsa.

Amma tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mu misali biyu. Ka'abu ɗan Zuhairu shahararren mawaƙi ne da ya cutar da harshensa. Bai aiko da saƙo daga nesa ba, ya tako da ƙafarsa har Madina, ya zauna gaban wanda ya saɓa wa, aka yafe masa har aka lulluɓa masa mayafi. Wahshi kuwa, wanda ya kashe Sayyidina Hamza, an karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba, amma Manzo ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Darasin farko na masu suna ne: neman gafara zuwa ake yi, a durƙusa a saurara. Na biyu naku ne, iyayena: kana iya yafewa alhali tabon bai daina zafi ba. Ba a ce sai ka manta ba, ba a ce sai ka so ganin mutumin ba. Abin da ake so ka sauke kayan daga kanka, domin shekara fiye da 50 ta yi yawa ga ɗakon fushin wanda bai ma san sunanka ba.

Sauran magana tamu ce, mu 'ya'ya da jikoki. Yau ma samarin wannan yanki suna bakin daga a Borno da Zamfara, kuma mawaƙa da 'yan fim da masu dubban mabiya a Facebook da TikTok suna tofa albarkacin bakinsu. Haƙƙinsu ne su soki yadda ake tafiyar da yaƙi, su tsaya wa farar hular da aka zalunta. Roƙona su bambance mai ba da umarni da yaron da aka tura, su tuna magana zarar bunu ce. Ku kuma ɗalibai, wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Kafin damina ta faɗi, kowa ya nemi tsohon soja ɗaya a garinsu, ya zauna a tabarmarsa ya ji labarinsa daga farko har ƙarshe, da mai daɗi da mara daɗi. Ni ban yi wa kawuna haka ba, kuma ina ganin da ya sami mai saurarensa, da bai riƙa murɗe rediyon nan ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kowane ɓangare, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka rage, Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana.