Gasar Kasuwa da Kuɗin Asibiti: Mai Ciwo Ba Ya Tayi



Tambayar da ke gabanmu ita ce, shin gasar kasuwa za ta iya sauko da kuɗin asibiti kamar yadda take sauko da kuɗin gero?

Duk wanda ya ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san sirrin araha. Mai saye ya san kaya, masu sayarwa suna da yawa, in ya taya aka ce albarka sai ya yi gaba. Wannan yakan yi aiki a kantunan magani, ko da yake can ma araha takan zo da jabu.

To, amma ku dubi magidanci a Jangeru wanda naƙuda ta tsananta wa matarsa da tsakar dare. Bai san aikin da likita zai yi ba, balle kuɗinsa. Asibitocin da zai iya kaiwa ƙidayayyu ne: Shinkafi, Zurmi, Ƙaura Namoda, in abin ya faskara sai Gusau, ga kuma hatsarin hanya. Wa zai taya? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tun 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya nuna cewa jinya ba haja ba ce kamar sauran haja. Ga Amurka nan, duk da yawan asibitocin kuɗi, tana kashe wajen kashi 17 cikin ɗari na arzikinta a kan lafiya.

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyata yake fita. Ke nan sa ko gona ake sayarwa. Alhali kuwa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma kafa asusu dominsa. Dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya, watau a tara kuɗi tun ana lafiya, sa'an nan hukuma ta yi ciniki da asibitoci a madadin jama'a. A nan ne gasa take da amfani, domin mai tayin ba ya kwance.

'Yan'uwa, gobe ku ne akawuna da sakatarori. Ku tabbata kowane asibiti ya manna farashinsa a bango, kuɗin asusun kuma ya isa karkara. Doka a takarda ba ta tsai da jini.