Kulle Biyu a Waya Ɗaya: Jinkirin Sabunta Manhaja da Halin Mai Saye a Mahuta

Duk wanda ya taso daga Sabon Tasha ya nufi matatar man fetur ta Kaduna, wadda aka buɗe cikin 1980, ba zai rasa ganin rumfunan masu sayar da wayar hannu da masu gyaranta a bakin titi ba, har ya isa unguwar Mahuta da ke cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. A irin waɗannan rumfuna, idan aka ɗauko wa ma'aikaci ko ɗalibi wayar da aka riga aka yi amfani da ita a ƙasashen waje, wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo ko London yus, tambayarsa ta farko ita ce, "A buɗe take?" Sai mai rumfa ya sa mata layin MTN ko na Airtel, sabis ya kawo, a kira wani ya amsa, ciniki ya faɗa. Abin da wannan lacca ke nufin nunawa shi ne, gwajin nan rabin tambayar kaɗai ya amsa, domin kuwa kulle biyu ne a jikin irin wannan waya, ɗaya ne kawai ake gani da ido.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita kalmomi. Kalmar manhaja daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma da can tsarin karatun makaranta ake nufi da ita. Yau an faɗaɗa ta, ta ɗauki ma'anar jerin umarnin da na'ura ke bi ta yi aiki. Babbar manhajar waya, watau Android ko iOS, ita ce uwar sauran, a kanta WhatsApp da manhajar banki suke zaune. Sabuntawa kuwa iri biyu ce: akwai babba, mai sake wa waya kama da ɗabi'a, wadda kan fito sau ɗaya a shekara, akwai kuma ƙarama, ta toshe kafar da ɓarayi ke shiga, wadda kan fito wata-wata. Sa'an nan ga kalmar beta. Wannan harafi na biyu ne na Girkanci, kuma asalinsu ɗaya da ba ta allo, kamar yadda alfa take 'yar'uwar alif. Masu ƙirar manhaja suna kiran gwajin cikin gida alfa, gwajin da ake ba wasu mutanen waje kuma beta. Bahaushe zai fi gane ta da sunan ɗanɗano, watau miyar da ba a sauke ba tukuna, aka ɗiba wa wasu su faɗi ko gishiri ya ji.

To, ina jinkirin yake fitowa? Sabuwar Android ba ta tashi daga Google ta faɗa wayar mutum kai tsaye, sai ta bi hannaye kamar kayan fatauci. Da farko masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su Qualcomm da MediaTek, su daidaita ta da kayansu. Daga nan mai ƙera wayar, Samsung ko Tecno ko wani, ya ɗora mata tasa kwalliyar, ya gwada. A ƙasashe irin su Amurka akwai hannu na huɗu, shi ne kamfanin layi, kamar AT&T ko Verizon ko T-Mobile, wanda zai cusa nasa manhajojin, ya tabbatar kiran gaggawa yana shiga, sa'an nan ya ba da izinin saki. Kowane hannu yana cin makonni, wani ma watanni.

Dalilin ƙarfin wannan hannu na huɗu kuwa ciniki ne. Ba'amurke ya saba karɓar waya daga kamfanin layi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, kamfanin kuma ya kulle ta don kada a ci bashinsa a koma wa kishiyarsa. Wayar iPhone ta farko, ta 2007, layin AT&T kaɗai take ɗauka, Verizon bai samu ba sai 2011. An daɗe ana jayayya kan wannan al'ada: cikin 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mai waya buɗe ta, Kanada ta hana sayar da kullalliyar waya daga Disamba 2017, Ingila ta bi sahu a Disamba 2021. Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba tun asali. Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairu 2001, Econet da MTN suka fara aiki a Agusta na shekarar, sai jama'a suka saba sayen waya daban, layi daban, kati daban. Saboda haka ɗan Nijeriya bai ci bashin kamfanin Amurka ba, amma ta hanyar gwanjo ya gaji kullensa.

Kulle na farko, na layi, shi ake cirewa kafin wayar ta baro Ikeja ko Farm Centre ta Kano ta iso Kaduna. Kulle na biyu yana cikin manhajar kanta, kuma cire na farko ba ya taɓa shi. A ɗauki Galaxy S21 ta 2021 alal misali. Suna ɗaya ne a kwali, amma lambar ƙirar ta bambanta: mai ƙarewa da U ta kamfanonin layin Amurka ce, mai U1 ita ce buɗaɗɗiyar Amurka tun daga masana'anta, mai B ta kasuwannin Turai da Afirka da wasunsu, mai N ta Koriya. Bayan wannan akwai wasu haruffa uku da ke nuna wa wayar inda za ta je neman sabuntawa: ATT na AT&T, VZW na Verizon, TMB na T-Mobile, XAA na buɗaɗɗiya, ECT kuwa na Nijeriya. Wayar da ke ɗauke da ATT, ko da ta shekara biyu a Mahuta da layin Glo a cikinta, ƙofar AT&T take ƙwanƙwasawa, kuma sananne ne cewa da yawa daga wayoyin wannan kamfani ba sa karɓar sabuntawa idan ba layinsa ne a ciki ba. Mai wayar ya latsa, ta ce masa manhajarsa ita ce ta ƙarshe. Ba ƙarya ta yi ba, iyakar abin da aka gaya mata ke nan.

Kada dai a ɗauka cewa buɗaɗɗiya kullum ita ce kan gaba. Galaxy S7 ta kamfanonin layin Amurka ta sami Android 7 tun farkon 2017, buɗaɗɗiyar ta jira har watan Mayu, domin ita dole ta dace da dukkan layukan. Bambancin shi ne, ita jinkiri take yi amma tana zuwa, waccan kuwa a ƙasar baƙunta tana iya tsayawa cik.

Masu iPhone suna da nasu salon. Apple bai yarda kamfanonin layi su tsaya tsakaninsa da wayarsa ba, rana ɗaya yake sakar wa duniya sabuntawa. Amma a kasuwa akwai iPhone da ba a buɗe ta da gaske ba, sai dai an liƙa wani ɗan siririn cif a ƙarƙashin layin don a yaudare ta. Sau da yawa sabuntawa kan rushe wannan dabara, shi ya sa mai rumfa kan gargaɗi mai saye kada ya kuskura ya sabunta. Ga magani ya zo har gida, mara lafiya yana ɓuya.

Batun ɗanɗano ya fi wannan nuna inda aka ajiye mai saye na Nijeriya. Apple ya buɗe wa jama'a gwajin iOS cikin 2015, Google ya buɗe nasa cikin 2016. Android 15 ta isa wayoyin Pixel a Oktoba 2024. Samsung ya fara ɗanɗanon nasa samfurin, One UI 7, ranar 5 ga Disamba 2024, a ƙasashe shida: Koriya ta Kudu, Amurka, Ingila, Jamus, Foland da Indiya, a Amurka ma sai buɗaɗɗiyar waya da ta T-Mobile. Gamammen sakin bai fara ba sai 7 ga Afrilu 2025, aka kuma dakatar da shi na 'yan kwanaki saboda wata tangarɗa. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin shidan. Ga mutum ɗaya rashin shiga gwaji ba asara ba ce, har ma kariya ce, don manhajar gwaji tana zuƙe batir, manhajar banki kuma tana iya ƙin buɗewa a kanta. Asarar ta jama'a ce: zafin watan Afrilu, da cajin da ake yi da janareta, da layin da ke sauka daga 4G zuwa 2G a tsakanin unguwa da unguwa, duk ba sa cikin abin da aka ɗanɗana.

Mai sauraro yana iya cewa, in dai waya tana kira tana amsawa, me ya yi zafi? Amsar tana cikin abin da ya faru a Yuli 2015, lokacin da Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Stagefright, wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyi wajen miliyan 950, kuma saƙon hoto guda ya isa a kutsa waya da shi. Wannan ya sa Google ya fara fitar da gyaran tsaro kowane wata. Ya ƙara da sake ginin Android cikin 2017 don rage dogaro da masu ƙera ƙwaƙwalwa, cikin 2019 kuma ya fara aika wasu gyare-gyare kai tsaye ta Play Store. Waɗannan sun rage ciwon, ba su warkar da shi ba. Daɗin daɗawa, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 waya ta zama lalita: albashin ma'aikaci ta nan yake shiga, kuɗin makarantar ɗalibi ta nan yake fita. Har ila yau tsohuwar manhaja tana da ranar sallama; daga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da ba ta kai ta 5 ba.

Sabuwar waya mai araha ma ba ta tsira sarai ba. Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion na Shenzhen, ba su da kullen layi, amma ƙananansu ba safai suke samun babbar sabuntawa ba, alhali Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024 an yi musu alkawarin shekara bakwai. Shekarun nan suna cikin kuɗin waya, ko da yake ba a faɗinsu wajen tayi.

Abin da ya rage a hannun mai saye kaɗan ne, amma ba ya cin ko kwabo. Kafin ya biya, ya shiga saitin wayar, wurin bayanin manhaja, ya duba lambar ƙira da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Idan kwanan ya wuce shekara, ya nemi a haɗa ta da intanet a nemi sabuntawa a gabansa. Mai U ana iya mayar da ita U1 ta hanyar filashin, tunda ƙirarsu ɗaya, sai ta koma karɓa daga Samsung. Amma ba a ɗora mata manhajar B, kuma aikin yakan share duk abin da ke ciki, don haka sai an kwashe lambobi da hotuna tukuna, a kuma cire manhajar banki kafin a miƙa wa mai gyara.