Malami da Zaɓen 25 ga Fabrairu: Kada Gajiya Ta Zaɓa Mana Shugaba

Jawabin kwamitin wayar da kai na reshe a babban taron malamai, makonni biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa na 2023



Mun san da yawa daga cikinmu da ƙyar suka iso wannan zaure. Albashi ya shiga asusu, amma bai shigo aljihu ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin kuɗi sun ɓace, sababbin kuma ba su bayyana ba, har ta kai mutum yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa a wurin masu POS. Ga layin mai a gefe guda. Abin ya kai gwamnonin Kaduna da Zamfara da Kogi, dukkansu 'yan jam'iyya mai mulki, sun maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli. A cikin wannan hali ake so mu zaɓi wanda zai riƙe ƙasar nan shekara huɗu.

Ba mu zo da sunan ɗan takara a aljihu ba. Ƙungiya ba ta raba mana tuta, kuma dokar aiki ta san iyakar ma'aikacin gwamnati a siyasar jam'iyya. Abin da ya kawo mu shi ne wata magana da ta yawaita a ɗakin malamai da majalisun unguwa da bakin kasuwa, wato cewa duk kanwar ja ce, don haka ranar zaɓe gara mutum ya ja ƙofarsa ya kwanta. Muna so mu auna wannan magana da adalci, domin masu faɗinta ba wawaye ba ne.

A 2015 talakan Arewa ya yi abin da ba a saba gani ba. Masu faci da 'yan dako sun sayi kati sun tura gudummawa don a yi canji. Tsofaffi sun wuni a rana, matasa sun kwana a rumfunan zaɓe, an kasa, an tsare, an raka. Jihar Kano kaɗai ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a miliyan 1.9. Aka yi wa mutane alkawarin tsaro da aikin yi da yaƙi da cin hanci. Sai ga shi a Disambar 2020 an kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a cikin jihar shugaban ƙasa. A Fabrairun 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe, sannan 'yan Islamiyya a Tegina, sannan ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Bara jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A Nuwamba Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Wanda ya ce ya gaji, gaskiya ya faɗa.

Amma mu malamai ne, kuma akwai malaman lissafi a cikinmu, don haka mu ɗora maganar a allo. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2015, duk da zafin da aka yi, kusan kashi 44 ne. A 2019 abin ya sauko zuwa kusan kashi 35: mutum miliyan 84 suka yi rajista, wanda ya ci ya samu ƙuri'a miliyan 15 da 'yan kai. Ma'ana, ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar na masu rajista ne suka naɗa shugaban ƙasa. Waɗanda suka zauna a gida ba su hana a rantsar da kowa ba. Babu wata doka da ta ce idan mutane ba su fito ba a soke zaɓe. Kujerar sai an hau ta, ko da mutum goma ne suka kaɗa ƙuri'a.

Wa ke cin ribar zaman gida? Mai sayen ƙuri'a. Rumfar da mutum 700 suka fito, ba mai iya saye ta cikin sauƙi. Rumfar da mutum 150 suka fito, katan ɗin taliya kaɗan da turamen atamfa da sabulu sun isa su juya ta. Duk malamin da ya ƙi fita ya rage wa mai saye tsadar kasuwa. An ce mana an sauya kuɗi ne don a hana sayen ƙuri'a. To amma a garin da magidanci ya kwana uku bai riƙe naira dubu a hannu ba, sabuwar takarda guda ɗaya ta fi ƙarfin dubu biyar na bara. Muna tsoron kada matakin ya ƙare da karya farashin ƙuri'ar kawai.

Ya kamata mu tuna ta inda wannan ƙuri'a ta zo hannun talaka, domin ba kyauta aka ba shi ba, kuma malamai na cikin waɗanda suka biya kuɗinta. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne. Ya koyar a Midil ta Bauchi da kwalejin horon malamai ta Maru, kuma da shi aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kafin a kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai saboda sun ce talaka ma mutum ne mai ra'ayi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da dama tana neman a bar mace ta yi zaɓe, kuma matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a 1976, shekara goma sha shida bayan mulkin kai. Malamai mata da ke wannan zaure, akwai waɗanda a cikinku iyayensu mata suka girma ba su da ikon taɓa akwatin zaɓe. Kuma ƙuri'ar ta taɓa yin aiki a idon mutane: da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, abin da aka yi shekara da shekaru ana kamawa da ɗaure talaka a kansa. Masu cewa zaɓe bai taɓa sauya komai ba, su tambayi dattawan ƙauyensu.

Mu dawo kan 'yan takara. Su goma sha takwas ne a takarda, amma huɗu ake magana, kuma babu baƙo a cikinsu. Bola Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007. Atiku Abubakar ya yi mataimakin shugaban ƙasa a waɗannan shekaru, kuma shi ya jagoranci majalisar sayar da kadarorin gwamnati. Peter Obi ya mulki Anambra daga 2006 zuwa 2014. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi gwamnan Kano sau biyu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka wanda yake son sanin abin da kowannensu zai yi wa makaranta, ya bincika abin da ya yi mata lokacin da yake da iko, kuma ya tambayi malaman da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ba mawaƙansa ba.

Mun saurari alkawuransu kan ilimi. Akwai mai cewa zai ba ɗaliban manyan makarantu rance. Akwai mai cewa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB za su zama kyauta. Akwai wanda ya yi maganar miƙa jami'o'in tarayya ga jihohi. Waɗannan duk abin tattaunawa ne, amma ku lura da inda suka karkata: sama, wajen jami'a da ƙarshen sakandare. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali a aji uku ba, rancen jami'a bai shafe shi ba. UNESCO ta ƙiyasta a bara cewa yara da matasa kusan miliyan 20 ne ba sa makaranta a ƙasar nan, kuma mun san yankin da ya fi yawansu. Ƙasashen duniya sun amince a 2015 cewa a riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke kashewa, amma kasafin tarayya na bana bai ba shi ko kashi 10 ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muke shiga ajin da yara suka fi ɗari, wasu a kan buhu, wasu a bakin taga.

Mu kanmu mun ga yadda alkawari yake tsufa. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin tarayya ta sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai da wasu alawus. Shekara biyu da wata huɗu ke nan, wa ya gani a takardar albashinsa? Dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65, ko shekara 40 a aiki, an sa mata hannu a Afrilun 2022, amma jihohi da dama ba su fara aiki da ita ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 ya zama doka tun Afrilun 2019, kuma har yau akwai jihohin da malaman firamare ba su ga cikonsa ba, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 21 cikin ɗari. Saboda haka idan ɗan takara ko wakilinsa ya ce zai yi, mu tambaye shi da wane kuɗi, a wace shekara, kuma ta hannun wa.

Akwai batu guda da ba a cika faɗa a kan dandamali da Hausa ba, kuma shi ne zai fi taɓa tukunyarmu. Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur, kuma kasafin 2023 bai tanadi kuɗin tallafin ba sai zuwa ƙarshen Yuni. Ke nan kusan duk wanda ya ci, mai zai yi tsada kafin damina ta yi nisa. Ba mu musanta cewa an yi ɓarna da sata a harkar tallafin ba. Tambayarmu ita ce, idan an cire, ina kuɗin za su tafi? Za a ɗaga albashi kafin a cire ko bayan an cire? Malamin da ke hawa babur kilomita ashirin zuwa makarantar ƙauye, wa zai cike masa giɓin? A ganinmu ɗan takarar da ya kasa amsa wannan bai gama shiri ba, kowace jam'iyya yake.

Za a zo mana da addini da yanki, an ma riga an zo. Wani ya ce a zaɓi ɗan'uwa Musulmi, wani ya ce a zaɓi ɗan'uwa Kirista, wani ya ce mulki ya zauna a Arewa, wani ya ce lokacin Kudu ne. Ba mu raina imanin kowa ba. Sai dai shekara takwas ɗan Arewa yana kan mulki, kuma a cikinsu aka rufe makarantun kwana a jihohi da dama saboda 'yan bindiga. A wannan reshe akwai Musulmi akwai Kirista, kuma idan aka riƙe kuɗin hutu ko aka daskarar da ƙarin girma, ba a tambayar mutum alƙiblarsa. Haka nan wasu za su ce tunda uwar ƙungiyarmu NLC ce ta haifi jam'iyyar Labour, magana ta ƙare. Tarihin gaskiya ne, amma suna ba ya biyan albashi. Ɗan takararta ma a ɗora shi a kan ma'aunin da aka ɗora sauran.

Wannan karon lissafin ya bambanta da na baya. Mutum miliyan 93.4 ne a rajistar INEC, kusan kashi 40 cikin ɗari matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34, wato yaran da suka ratsa ta azuzuwanmu. Arewa maso Yamma ce ta fi kowace shiyya yawan masu rajista, sama da miliyan 22. Tsarin mulki ya ce sai wanda ya fi yawan ƙuri'a kuma ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, kuma da manyan 'yan takara huɗu, ratar da za ta raba su tana iya zama siririya. Ƙuri'a ta fi nauyi a irin wannan zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta kuma ba na'urar BVAS gindin zama: za ta tantance mutum da yatsa ko fuska, kuma INEC ta yi alkawarin ɗaukar hoton takardar sakamakon kowace rumfa a ɗora a intanet. Ba mu ce na'ura ta kashe maguɗi ba, alkawarin hukuma ma alkawari ne, sai an gani. Amma wanda bai je rumfa ba, ba shi da sakamakon da zai kwatanta da abin da aka sanar.

Rumfuna da yawa a harabar makarantunmu za a kafa su. Za a buɗe da ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wanda ke kan layi zuwa 2:30 na rana sai ya kaɗa. Mu fita da wuri, mu fita da iyalanmu, mu tsaya a ƙirga a gabanmu, mu rubuta abin da aka ƙirga. Iyayen yara za su tambaye mu, domin har yanzu a ƙauye ana jin maganar malam. Kada mu ce musu ga wanda za su zaɓa. Mu nuna musu rufin ajin da suke tsaye a gabansa, mu gaya musu cewa babu mai ganin inda suka dangwala. Tsofaffin ɗalibanmu da ake ba ƙwaya da gora, wanda ya isa da su ya kira su tun yanzu.

Sannan kada a kashe duk ƙarfi a ranar 25 ga Fabrairu. Albashin malamin firamare ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake bi. Kuɗin UBEC na gina azuzuwa ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata rabin, kuma akwai biliyoyin da ke kwance a Abuja saboda wasu jihohi ba su ajiye ba. Ɗaukar malamai da ƙarin girma da fansho da garatuti duk a teburin gwamna da majalisar jiha suke, kuma zaɓensu a watan Maris ne. Kwamiti ya tsara takardar buƙatu da za a miƙa wa kowane ɗan takarar gwamna da na majalisar jiha a wannan mazaɓa, a nemi amsarsa a rubuce. Sakatare zai karanta ta yanzu, kuma muna roƙon wakilan makarantu su kawo gyara ko ƙari kafin a tashi.