Rancen Karatu Bashi Ne, Ba Ganima Ba

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Da sakatare ya ce in yi magana a kan rancen karatu sai da na yi jim, domin ina da laifi a cikin maganar.

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Ina cikin waɗanda suka karɓa lokacin ina jami'a a Zariya, don mahaifina marini ne a Ƙofar Mata, abin da karofi ke kawowa bai wuce na cefane ba. Muka gama, muka kama aiki, da yawanmu ba mu sake waiwayar bashin ba. A ganinmu rabonmu ne na arzikin man fetur. Sai da na shekara huɗu ina ɗaukar albashi kafin tsoho ya ji labari. Ya kira ni zaure, ya ce a kasuwar Kurmi wanda ya ci bashi ya ƙi biya ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya toshe wa na bayansa ƙofa ne. Ban bar gidan ba sai da na yi alkawari, kuma na biya. Amma irina nawa ne ba su sami mai tsawata musu ba? Haka shirin ya durƙushe. Bankin Ilimi da aka yi wa doka a 1993 shi ma bai taɓuka abin kirki ba.

Ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar rance. Sai dai ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: kada abin da gidan ɗalibi ke samu ya kai naira 500,000 a shekara, kuma sai ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Don Allah, ɗan dukawa ko ɗan mai ƙosai a lungun Jakara, ina zai samo lauya? A Afrilun 2024 aka soke dokar aka yi wata, aka cire waɗannan sharuɗɗa, sannan asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Kuɗin makaranta ana tura wa makarantar ne kai tsaye, an kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata na abinci da mota.

Na san abin da ke ran iyaye a cikin birni: riba. To, babu kuɗin ruwa a wannan rance, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, wanda ya rasu kuma an yafe masa. A Amurka, inda rancen ke da ruwa, bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, kuma da Shugaba Biden ya nemi yafe wani ɓangare, Kotun Ƙoli ta hana a Yunin 2023. Kada yaranmu su karɓa suna jiran ranar yafiya. Damuwata ɗaya ita ce aikin yi, wanda mu muka tarar yana jiranmu, su kuwa sai sun sha rana.

Ga roƙona, ranka ya daɗe shugaba. Cika takardar nema ta intanet ake yi, ana buƙatar lambar JAMB da ta NIN da ta BVN, kuma a nan yara da yawa ke maƙalewa, musamman 'yan mata da ba a bari su yini a shagon kwamfuta. Ina neman mutum biyar su riƙa zama a makarantar nan duk Asabar, daga ƙarfe 10 zuwa azahar, su taya ɗalibanmu da suka sami shiga manyan makarantun gwamnati cikawa, su kuma karanta wa yaro da mahaifinsa sharuɗɗan biya kafin a tura. Ni zan kawo kwamfuta biyu. Takarda tana hannun sakatare, mai niyya ya rubuta sunansa kafin a tashi cin abinci.