Jawabi Ga Sabon Kwamitin Gyaran Makarantarmu Ta Sabo

Iyayena, malamai, 'yan'uwa maza da mata.

An ɗora mini in faɗi ƙa'idojin zamanmu kafin mu taɓa ko bulo ɗaya. Duk ɗan kasuwa ya san cinikin da ba a yanke sharaɗi tun farko ba, da rigima yake ƙarewa.

Bari in fara da kuɗi, don nan ne zumunci ke lalacewa. Ko naira ɗari aka karɓa, a yanka rasit. Ba a fitar da kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu, kuma kowane zama ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa. Ɗan kwamiti ba zai karɓi kwangilar makaranta ba, haka ƙanensa ko surukinsa. Na san a cikinmu akwai masu sayar da kwano da siminti, to su yi haƙuri. Ranar da rufi ya yi yoyo, wa zai iya tuhumar ɗan'uwansa?

Sannan gudummawa ba dole ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne a makarantun gwamnati. Don haka kada a kori yaro don ubansa bai biya ba. Wanda aka kora yau, gobe talla za ka gan shi yana yi.

Malamanmu da yawa Yarbawa ne. Tun 1916 aka kafa Sabo a Badun, mun daɗe muna zaman maƙwabtaka. Kada mu juya harshe zuwa Hausa muna gulmarsu suna zaune, a'a, a sa mai fassara. In kana da ƙorafi kan malami, kawo wa hedimasta a zaure, ba ka faɗa aji ka ci masa mutunci gaban ɗalibai ba.

Iyayenmu mata kuwa, in sun ɗauki magana a bari su dire. Su suka san yarinyar da ta daina zuwa da dalilinta. Abin da aka faɗa kan ɗan wani kuma, kada a ji shi a teburin mai shayi.

Siyasa a bar ta a bakin ƙofa tare da takalmi. Wanda ya yi fashin zama uku ba uzuri, a ba wani kujerarsa.

Zama na gaba ranar Lahadi bayan la'asar. Kowa ya zo da sunayen yaran layinsu da ba sa zuwa makaranta. Wassalam.