Yadda Za A Kula Da Ƙaramin Famfon Ruwa Na Lantarki

Yau zancenmu a kan ƙaramin famfon nan ne mai aiki da wutar lantarki, wanda akan girka a bakin rijiya ya tura ruwa zuwa tanki ko lambu. Galibinsu ƙarfin rabin doki gare su, ko doki guda, watau wajen wat 750. Abu ne mai tsada, amma rashin sani yana iya kashe shi a wuni guda.

Ga yadda cikinsa yake. A baya akwai inji mai naɗin waya, shi wuta ke juyawa. A gaba akwai wata 'yar farfela cikin tukunyar ƙarfe, ita ke wurga ruwa sama. Tsakaninsu akwai wani zobe mai hana ruwa isa wurin wuta. Ruwan da ke wucewa shi ke sanyaya zoben nan.

To, ku riƙe wannan da kyau. Farfela ba ta jan iska, sai ruwa. Saboda haka kafin a kunna sabon famfo, ko wanda ya daɗe a ajiye, sai a kwance murfin da ke bisa tukunyar, a ɗura ruwa har ya tumbatsa, sa'an nan a rufe. In aka bar shi yana gudu ba ruwa, 'yan mintoci kaɗan sun isa su ƙone zoben. Daga nan sai yoyo.

Na biyu, wuta da ruwa ba su ga maciji. Kada wanda ya taɓa famfo sai ya zare wayarsa daga bango, hannunsa kuma a bushe. In kun ji jikin famfo yana jan mutum, ko da kaɗan ne, ku kashe shi ku kira mai gyaran wuta. In kuwa wuta ta kama wani, Allah ya kiyaye, kada ku ja shi da hannu. Ku kashe wutar tukuna, ko ku ture wayar da busasshen itace.

Yanzu bari mu duba cututtukansa. Wadda ta fi yawa ita ce famfo yana gudu amma ruwa bai zo ba. A ƙarshen bututun da ke cikin rijiya akwai bawul da rariya. Aikin bawul shi ne ya hana ruwa komawa ƙasa. Tsakuwa ɗaya tak in ta maƙale a bakinsa, ruwan bututu duk zai zurare cikin dare. Ku fid da bututun ku wanke. Ni kaina na taɓa ɗauko makaniki tun daga gari, na biya masa kuɗin mota, ashe guntuwar leda ce ta toshe rariya. In za ku mai da bututun, ku ɗaga bakinsa kamar kamu guda daga ƙasan rijiya, don kada ya sha yashi. Ku duba mahaɗai kuma, gama ƙofa kamar ta allura ta isa ta shigar da iska.

Da bazara kuwa, sau da yawa ba laifin famfo ba ne, ruwa ne ya yi ƙasa. Famfon da ke zaune a bisa ba ya iya jawo ruwan da ya zarce zurfin mita 7 ko 8, kome ƙarfinsa. Wannan ba gyara gare shi ba, sai irin famfon da akan zura cikin ruwa.

Wani lokaci za ku kunna, ku ji yana gurnani amma ba ya juyawa. Maza ku kashe, gama a haka naɗin waya ke ƙonewa. Ku zare wuta, ku sa sukudireba ku juya fankar da ke bayansa. In ta cije, tsatsa ce ko yashi. In tana juyawa sumul, mai yiwuwa wata 'yar gwangwani ce ta mutu, ana ce da ita kafasita. Ba ta da tsada, amma takan riƙe wuta ko bayan an kashe, don haka ku bar wa mai gyara. Ƙarancin wuta ma yana kawo gurnanin nan. Famfo yana son wuta bolt 220 zuwa 240. In kun ga ƙwan fitila ya yi ja, ku dakata.

In yana mutuwa da kansa, ya huce ya sake tashi, zafi ne ya yi masa yawa. Ku yi masa rumfa, ku goge ƙurar hunturu daga bakin fanka. Kada ku lulluɓe shi da buhu yana aiki.

A jikin kowane famfo akwai ɗan falle mai rubutu da lambobi. Tun da yanzu kun iya karatu, kowa ya kwafe na gidansu a takarda tun bai goge ba. Ita za ku nuna wa mai kanti ran da za ku sayi kayan gyara. Mai tambaya ya ɗaga hannu.