Sauro da Amosanin Jini

Me ya sa amosanin jini, wato sikila, ya fi yawa a wajenmu? Ba asiri ba ne, ba kuma aljanu ba. Gado ne, kuma sauro na da hannu a ciki.

A shekarar 1954, wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaron da ya gaji ƙwayar gadon sikila (S) guda ɗaya, mai jinin AS, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Irin waɗannan yara suka fi rayuwa, suka girma, suka hayayyafa, ƙwayar ta bazu. Shi ya sa ake samunta a Indiya da gabashin Saudiyya, da kuma tsakanin baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka.

Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato amosanin jini. Kowane ciki, ba ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Najeriya ce kan gaba a duniya, da jarirai masu SS kimanin 150,000 a shekara. Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, kuma ta kyauta. Sai dai a ganina ya kamata a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.